Nowel Tsakanin Tsibiri da Gazawa: Wa Ke Baƙo Ranar 25 ga Disamba?

A kalandar gwamnatin Jamhuriyar Nijar, 25 ga Disamba ranar hutu ce. Ofisoshin gwamnati na Agye da Gazawa da Gidan Runji a kulle suke wuni, banki ba ya buɗewa, 'yan lakwal suna gida. Amma wanda ya hau babbar kwaltar da ta ratsa jihar Maraɗi a wannan rana, ya taso daga Gidan Runji ya bi ta Tsibiri, ya wuce Maraɗi da Cadawa da Agye har Gazawa, da wuya idonsa ya faɗa kan wani abu da zai ce masa yau ana biki. Garin da ranar kasuwarsa ta kama, kasuwa tana ci. Amalanken shanu suna jan buhunan aya da wake, hazon hunturu ya rufe sama, mai shayi ya ƙara itace a murhu. A 'yan shekarun nan ma rediyon da ke rataye a rumfarsa ba zancen Nowel, wato Kirsimeti, yake ba, kokowar gargajiya ta ƙasa yake watsawa, domin gasar neman takobi ta saba faɗowa a kwanakin ƙarshe na Disamba. Sunan ɗan kokowa Issaka Issaka ya fi yawo a bakin mutane ranar nan fiye da kowane suna.

Ba abin mamaki ba ne. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Hutun gado ne daga tsarin Faransa, an riƙe shi kamar yadda aka riƙe hutun Litinin ɗin Ista. Ma'aikaci Musulmi yana murna da shi don ya samu ranar zuwa gona ko ganin dangi, shi ke nan.

Can gabas mai nisa, a Tailan, ƙasar da shinkafarta ta daɗe tana cika shagunan Maraɗi, abin a juye yake. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta mabiya addinin Buddha ne, Kiristoci kuwa wajen kashi 1 ne, kusan kamar nan. Amma a Bankok 25 ga Disamba ranar aiki ce, yara suna aji, ofisoshi a buɗe. Duk da haka tun watan Nuwamba manyan kantuna irin su CentralWorld suke kafa itatuwan ado masu tsawon bene, fitilu ko'ina, masu sayar da kaya da jajayen huluna, waƙoƙin Kirsimeti suna tashi daga lasifika. Turawan da ke koyar da Ingilishi a makarantun ƙasar sukan sami kansu cikin jar riga da farin gemu na auduga suna raba wa yara alewa, sannan su koma su ba da darasi na gaba. A Japan kuwa, tun tallan da kamfanin KFC ya fara a 1974, soyayyar kaza ce ta zama abincin ranar. Baƙin da ke zaune a irin waɗannan ƙasashe ra'ayinsu ya rabu. Wasu na cewa sun huta da ɗawainiyar sayen kyaututtuka da rigimar dangi. Wasu na cewa adon ne ma yake ƙara musu kewa, domin yana tuna musu da gida alhali babu gidan a bayansa. Wanda ke neman Kirsimetin ibada a Tailan sai ya nufi coci da dare, ko ya yi doguwar tafiya zuwa Tha Rae a lardin Sakon Nakhon, garin 'yan Katolika da ya yi suna da jerin gwanon taurari.

Bahaushe Musulmi zai fi gane wannan idan ya tambayi 'yan'uwanmu da ke zuwa saro kaya Bankok yadda Sallah take riskarsu a can. Mutum ya yi wanka ya sa babbar riga, ya nemi masallaci ya yi Idi, ya fito ya tarar gari ko a jikinsa. Babu gaisuwa, babu tuwon Sallah, babu yaro mai neman barka da Sallah. Sai a lardunan kudu irin su Pattani da Yala da Narathiwat ne ake hutun ranar. To, abin da Kirista baƙo yake ji a Agye ke nan, sai dai shi an ba shi hutun, adon ne da taron babu.

Baƙin farko da suka yi Kirsimeti a wannan yanki a matsayin ibada su ne 'yan mishan na SIM. Ƙungiyar ta samo asali ne a 1893, ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, sannan a ƙarshen shekarun 1920 ta kafa tasha a Tsibiri, gidan sarautar Gobir tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Zaɓen wurin ba da ka aka yi shi ba. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi zuriyar waɗanda suka ƙi miƙa wuya ga daular Sakkwato ne, kuma a ƙauyukan da ke kewaye akwai Azna masu riƙe da al'adun kakanni. Mishan ɗin sun yi zaton nan ne ƙasa mai taushi. Ba ta yi taushin da suka zata ba. Ga shi kuma su masu jin Ingilishi ne, daga Amurka da Kanada da Ingila da Ostareliya, a ƙasar da Faransa ke mulki, Faransawan kuwa kallon 'yan leƙen asiri suke musu. Malama Barbara Cooper ta bi diddigin wannan tarihi a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi. Tasha ta biyo tasha: Maraɗi a 1940, asibitin Galmi a 1950, asibitin kutare na Danja a 1956.

Baturen da ya taso a Kanada, inda Disamba ke nufin ƙanƙara har gwiwa, ya zo ya tarar da hunturun da ke fasa leɓe da dunduniya. Wanda ya fito daga Ostareliya kuma abin ya juye masa, domin a can Kirsimeti a tsakiyar zafi take zuwa. Daga can Tony Rinaudo ya zo da iyalinsa a 1981, ya zauna har 1999, shi ne wanda ya yi ta wa'azin a bar kututturen itace ya sake toho a gona maimakon a tuge shi. Yau duk wanda ya je Dan Saga a ƙasar Agye zai ga gonaki cike da itatuwa, aikin da manoman wurin suka ɗauka suka mai da nasu. Ga iyalan mishan na zamanin da, babban abin Disamba shi ne dawowar yara. Da yawansu a makarantar kwana ta Kent Academy da ke Miango kusa da Jos suke karatu, sai hutu ya haɗa su da iyayensu.

Irin waɗannan baƙi sun yi ƙaranci ƙwarai yanzu. Matasan Amurka na Peace Corps, waɗanda tun 1962 suke zama ɗaiɗai a ƙauyuka suna koyon Hausa da shan fura, an kwashe su gaba ɗaya a Janairun 2011 bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai. Yunwar 2005 ta jawo likitocin MSF da wasu ƙungiyoyin agaji zuwa Agye da Gidan Runji da kewaye, amma sannu a hankali aikin ya koma hannun 'yan ƙasa da sauran 'yan Afirka. A Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurke a Massalata kusa da Birnin Ƙonni. Daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 zuwa yau kuwa, farar fata ba ya fita ƙauye yadda ya ga dama, sai da rakiyar soja. Saboda haka idan ana zancen Kirsimetin baƙi a wannan yanki, a daina hango Bature. Baƙon yau baƙar fata ne.

Shi ne Inyamurin da ke sayar da kayan gyaran babur da na injin niƙa. Shi ne mushe ɗan Benin ko Togo da ke koyarwa a lakwal mai zaman kanta, da makaniki, da tela, da mai gyaran gashi, da ma'aikaciyar jinya 'yar Burkina. Har da ɗan Nijar ɗin kansa daga Dogon Dutsi ko Makalondi da aikin gwamnati ya jefo Gazawa. Cocin Katolika na nan ma kusan na baƙi ne tun daga sama. Da aka kafa dayosis ɗin Maraɗi a 2001, wanda ya haɗa jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Difa da Agadas, bishop ɗinsa na farko, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso ne. A Tsibiri akwai 'yan sista na ƙungiyar da Marie-Catherine Kingbo ta kafa a 2006. Daga Senegal ta zo, ta yi aiki da matan ƙauyuka da limamai da masu gari kan auren wuri da tamowa da karatun 'ya'ya mata, ta rasu a 2021. Kusan duk wanda ya ci moriyar makarantarsu da gidan ciyar da yaransu na Dan Bako Musulmi ne.

Ga Inyamuri, amsar tambayar yadda yake ji da Kirsimeti a ƙasar Musulmi gajera ce: ba ya son ta same shi a nan. Tun tsakiyar Disamba ake ganin shaguna da kwaɗo. Hanyar sananniya ce, Maraɗi zuwa Dan Isa, a tsallaka Magamar Jibiya, Katsina, Kano, sannan manyan motocin dare daga Sabon Gari zuwa Onica ko Aba ko Oweri. Wanda ke gefen Gazawa yakan yanke ta Dankama. A garinsu ne ake auna shekarar mutum, a ga abin da ya gina, a ɗaura aure, a yi taron gari. Wanda ya kasa tafiya ba ibada ce ta kuɓuce masa ba, domin coci yana nan. Kunyar ce take cinsa, ta cewa za a ce wane bai samu na mota ba.

Sau biyu a 'yan shekarun nan hukuma ce ta tare hanyar. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 2023 kuma takunkumin CEDEAO ya sake rufe su, Najeriya ta yanke wutar da take turowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, wanda daga nan ake raba ta zuwa Maraɗi da Damagaram. Ba a janye takunkumin ba sai cikin 2024. Kirsimetin 2023 ta zo ke nan da ƙarancin kuran, da tsadar shinkafa, da tafiya ta barauniyar hanya a bayan babur, kuɗin mota ninki. Mutanen Benin da Togo nasu ya fi tsanani, domin gadar Gaya da Malanbil ta daɗe a toshe, sai kwale-kwale. Da yawa sun haƙura. Sukan haɗa kuɗi su sayi akuya, su taru a gidan ɗayansu bayan an tashi daga coci, su dafa irin abincin gida, sauran yinin kuma ya ƙare a WhatsApp, ana ɗaga waya sama ana neman inda sabis ya fi ƙarfi.

Akwai kuma wanda ba baƙo ba ne sam, amma ranar nan take mai da shi kamar baƙo, kuma a ganina nasa labarin ya fi na kowa nauyi. Bahaushe Kirista nake nufi. Bagobiri ne ko Bakatsine, wani ma da zanen gado a fuska. Kakansa ne ya karɓi addinin a Tsibiri ko a Danja ko a makarantar noma ta Maza Tsaye. Cocinsa EERN ce, wadda ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960, ko ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓalle daga gare ta daga baya. Fastonsa mai yiwuwa a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye ya yi karatu. Da Hausa yake addu'a, da Hausa yake waƙa, Littafin da yake karantawa an gama fassara shi zuwa Hausa tun 1932. Sunansa Iliya ko Ishaku ko Dauda, matarsa Saratu ko Hannatu, ba ka rarrabe shi da maƙwabcinsa a kasuwa.

Kirsimetinsa ma a zubi Sallah ce. An kai ɗinki wajen tela tun da wuri, ana ta zarya ana faɗa da shi. Mata sun yi kitso da ƙunshi, 'yan zumuntar mata sun fitar da anko, sun kwana suna gwajin waƙa da tulu da kacau-kacau. Yara sun haddace wasan kwaikwayon haihuwa, wani ya zama makiyayi da sandar babansa ta gaske. Da asuba an ɗora tukunya, shinkafa da miya, kaji, wanda Allah ya hore wa akuya ko rago. Lokacin ma ya dace, kaka ta shigo, rumbu da hatsi, an sayar da aya ko riɗi, samari ba su gama watsewa cin rani ba. Babu itacen ado, babu tsoho mai jar riga. Waɗannan kayan Bankok ne da Yamai.

Daga nan sai kwano ya fara fita. Yarinya ta ɗauki langa a ka ta shiga gidan maƙwabta: “Inna, wai in ji mamanmu.” A karɓa a ce, “Madalla, ki ce mun gode, Allah ya maimaita mana.” Wannan ita ce ainihin jarrabawar ranar, kuma kowane gidan Kirista ya san sakamakonta gida-gida. Ya san inda za a cinye a suɗe, ya san inda za a karɓa don kara a juye wa almajirai ko kaji, ya san inda za a ce wa yarinyar ta mayar. Don a rage wannan ne Kirista da yawa ba sa yanka dabbar da hannunsu. Sai su kira maƙwabci Musulmi ko mahauci ya yanka, kowa ya gani, magana ta ƙare. Ni dai ban san wata dabarar zaman tare da ta fi wannan sauƙi da hikima ba, kuma ba wani taron ƙara wa juna sani ne ya koyar da ita ba.

Malamai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Masu halattawa suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi, su ƙara da haƙƙin maƙwabtaka. Masu hanawa suna cewa abincin yau da kullum daban, na ranar idin wani addini daban, cinsa da taya murna yarda ne da abin da ake bikin. Wannan ra'ayi na biyu ya ƙara ƙarfi tun da Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu gindin zama a Maraɗi cikin shekarun 1980, yanzu kuma kowace Disamba gajerun wa'azozi kan batun suna zagaya wayoyi. Tsofaffi da yawa a ƙauye ba su shiga wannan muhawara. A wurinsu wanda ya zo maka gaisuwar mutuwa, ya kama maka aikin gayya, ya karɓi naman layyarka, ba ka mayar masa da kwano. Kuma ai labarin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ba baƙo ba ne a kunnen Musulmi, yana nan a Suratu Maryam, almajirai suna rubuta shi a allo. Saɓanin a kan wane ne shi yake, kuma kowane ɓangare ya san nasa matsayi sarai.

Abin lura shi ne an fi yi wa na nesa uzuri. Inyamuri ko ɗan Togo, addinin garinsu ne, ba wanda ya damu. Bature ma haka. Amma Bahaushen da ke zuwa coci, tambayar tana biye da shi: kai kuwa me ya kai ka? Wanda aka haifa a ciki ya saba, yana da dangi da gonaki da surukai. Wanda ya shiga da girmansa shi ne abin tausayi ranar nan, domin gidan ubansa yana iya kasancewa bayan katanga kaɗan amma ba shi da fuskar aika kwano can. Kewar wanda danginsa ke Kotonu tana da magani, kuɗin mota ne. Tasa ba ta da shi.

Tsoro ma yana cikin lissafi, ko da ba a faɗa. A Nuwamban 2000 zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka afka wa cocin Vie Abondante. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faris, an ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasu. A Yunin 2019 aka cinna wa cocin Assemblées de Dieu na unguwar Zariya a Maraɗi wuta bayan kama wani limami. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai taso daga rigimar maƙwabci da maƙwabci ba. Abu ne ya taso daga hukuma ko daga Faris, aka huce a kan na kusa. Tun daga nan ganin jami'an tsaro a ƙofar coci ranar biki a manyan garuruwa ya zama ruwan dare, kuma kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai suna haɗa limamai da fastoci. A ƙauyukan Gidan Runji na bakin iyaka kuwa, tsoron dare na kowa ne. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako gudun 'yan bindiga, aka zaunar da wasunsu a Cadakori da Garin Kaka da Dan Daji Makau. Ɓarawon shanu ba ya tambayar addinin mai garke.

Wani abu yana tafe da zai sake gwada wannan zama. Shekarar Musulunci ta fi ta Turawa gajarta da kwana 10 ko 11, saboda haka bukukuwan sukan riski juna. A 1998 da 1999 da 2000 Kirsimeti cikin azumi ta faɗo. A 2015 Mauludi da Kirsimeti kusan rana ɗaya suka zo. Bisa lissafi, a 2031 da 2032 Kirsimeti za ta sake faɗowa cikin Ramadan, a 2033 kuma ƙaramar Sallah za ta zo wajen 23 ga Disamba, kwana biyu kafin ta, in an ga wata a kan lokaci. Waɗanda suka yi wayo a ƙarshen shekarun 1990 sun san yadda aka yi: ba a aika shinkafa da rana, sai an kusa shan ruwa, a rage kiɗa lokacin asham. Yaran da za su ɗauki langa a 2031 ba su taɓa ganin haka ba, sai an koya musu. Telolin Cadawa da masu kaji a kasuwar Gazawa kuwa, su shekarar 2033 ce ya kamata su fara shiri dominta, domin ɗinkin Sallah da na Nowel a mako guda za su faɗo musu.